Babi na Tara: Littafi Biyu a Kan Tebur Ɗaya

Wanda ya taɓa zama a tabarmar 'yan Whot ya san inda rigima take tashi. A kan lamba 2 ne. Ka jefa ta ka ce na kusa da kai ya ɗebi biyu, shi kuma ya zaro tasa ya ɗora a kai, ya ce ya tare, na gabansa ya ɗebi huɗu. Sai wani ya ce su a unguwarsu ba a tarewa. Daga nan wasa ya tsaya, murya ta hau, kowa ya kawo shaidar yadda ya ga ana yi a Sabon Gari ko a makarantar kwana. A ƙarshe mai kati ne yake yanke hukunci, don babu littafin da za a buɗe.

A Amurka akwai wani wasan kati da matsalarsa ta zo a juye. Su littafi ne ya yi musu yawa. Guda biyu ne a kan tebur, littafin dokoki da Littafi Mai Tsarki, kuma ba kullum bakinsu yake zuwa ɗaya ba.

Sunan wasan Redemption, wato fansa. Wani mutum mai suna Rob Anderson ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Cactus Game Design ya fitar da shi a 1995, kamfanin da mazauninsa yake Hayesville a jihar Karolina ta Arewa. Shekara biyu kafin nan, a 1993, wasan Magic: The Gathering na Richard Garfield ya fito ya rikita kasuwa. Shi ya kawo salon da kowa zai sayi katunansa a ƙananan fakiti, ya yi musanye da abokai, ya haɗa daminsa da kansa, sannan ya zo a kara. Yara sun rungumi abin, amma iyaye Kirista da yawa hankalinsu bai kwanta ba, ganin katunan cike suke da bokaye da aljannu da tsafi. Matsin ya kai har kamfanin Magic ya goge tauraron matsafa daga hoton wani katinsa a bugun 1995, ya kuma jingine aljannu sai a 2002 suka dawo. A wannan yanayi Redemption ya samu gindin zama: salo iri ɗaya, amma kowane kati daga Littafi Mai Tsarki aka ciro shi, da ayarsa rubuce a ƙasa. Wasannin kati da yawa da suka fito a wannan shekarar sun mutu tun da daɗewa. Shi yana nan, ana buga sababbin katuna, ana yin gasar ƙasa shekara-shekara, sau da yawa a zauren coci.

Yadda ake yinsa ba wuya a baki. Daminka ba zai gaza kati 50 ba, bakwai daga ciki ɓatattun rayuka ne. Za ka fara da takwas a hannu, kowane zagaye ka ɗebi uku. Duk sa'ad da ka ɗebo ɓataccen rai ba ya zama a hannunka, sai ka shimfiɗa shi a gabanka a wurin da ake kira Ƙasar Bauta. Idan zagayenka ne, ka tura jarumi ya ceto rai daga Ƙasar Bautar abokin karawarka, shi kuma ya turo mugu ya tare hanya. Idan zagayensa ne ku yi musanyar riga. Wanda ya riga ceto biyar ya ci. Ka lura da wannan, don a nan wasan ya bambanta da wa'azi: babu wanda yake riƙe da mutanen kirki zalla. Ɗan fasto ma dole ya zuba Fir'auna da Yezebel a daminsa, ya kuma iya sarrafa su, in ba haka ba a kwashe masa rayuka kafin ya gyara zama.

Kowane jarumi da kowane mugu yana da lamba biyu, ta duka da ta juriya, yana kuma da launin runduna. Mala'iku azurfa ne, alal misali. Katin tallafi, wanda yake ƙara wa jarumi ko mugu ƙarfi, ba ya hawa kan kowa sai mai launinsa. Sannan akwai doka ɗaya da na fi so a duk wasan: a fagen fama, wanda ake ci shi ke da hannu. Mai rinjaye sai ya naɗe hannu ya jira, na ƙasa ne zai jefa tallafi, har sai ya hau sama, sannan hannu ya koma wa ɗayan. Saboda haka gwanaye suke tura ƙaramin jarumi da gangan. Ƙato yana shiga ya rufe wa mai shi baki.

Da a ce lambobi ne kawai, da babu wannan babi. Rigima tana cikin 'yan layukan da aka rubuta a kan hoton kati, masu faɗin abin da katin yake yi na musamman.

Ɗauki kalmomi uku da suka fi kowace kalma cin lokacin alƙalan gasa: hanawa, katsewa, sokewa. A kunnen baƙo duk ɗaya ne. A wurinsu hanawa gaba take kallo, tana tare abin da bai riga ya faru ba. Katsewa baya take kallo, tana dakatar da abin da aka jefa yanzun nan, ta yi nata aikin, sannan in abin da aka dakatar yana da sauran rai ya ci gaba. Sokewa ta haɗa biyun. To sai aka zo aka buga katunan da aka rubuta wa cewa ba a hana su, wasu ba a katse su, wasu ba a soke su. Wanda ba a hanawa zai wuce shingen da aka riga aka kafa, amma ana iya biyo shi a baya a warware shi. Wanda ba a katsewa, in ya sauka ya sauka ke nan, amma shingen da ya riga shi zai tare shi tun daga ƙofa. Mutum ya rikita waɗannan biyu, ya yi asarar rai a zagayen ƙarshe, ba zai sake rikita su ba har abada.

Ga misalin da ake koya wa sababbin shiga. A ce uba da ɗansa ne a teburin cin abinci. Yaron ya tura Mika'ilu, shugaban mala'iku, wanda katinsa ya ce ba a soke tallafin da ya yi amfani da shi. Uban ya tare da Sarkin Taya, mugun da aikinsa shi ne ya soke rubutun da ke kan jarumai da tallafi, a koma a kara da lamba tsagwaronta. Yaron ya samu hannu, ya jefa tallafin da zai kawar da mugun.

"Wannan ba ya aiki," in ji uban. "Sarkin Taya ya soke."

"Baba, ai na Mika'ilu ba a sokewa."

"Wa ya ce?"

"Ga shi a jikin katinsa."

"To ai rubutun jikin katinsa shi na fara sokewa, yaro. In na share maganar da ta ce ba a sokewa, me ya rage?"

Hujjar uban ba ta banza ba ce. Kaza ce da ƙwai. Hukuncin da aka tsayar ya ba yaron gaskiya: kalmar da ta ce ba a sokewa ita kanta ba ta sokuwa. Dalilin ba daga wata aya ya fito ba, daga hankali ne kawai, don in ba haka ba an buga katin Mika'ilu a banza. Amma na tabbata mutane da yawa da suka ji hukuncin sun ji daɗinsa ta wata fuskar, tunda a babi na 12 na Wahayin Yahaya Mika'ilu ne ya yi nasara a yaƙin sama. A wannan karon littattafan biyu sun yi baki ɗaya.

Shi kansa Sarkin Taya wani musu ne a naɗe. Babi na 28 na Ezekiyel makoki ne a kan sarkin birnin Taya, birnin 'yan kasuwar teku da ke gaɓar Labanan ta yau. Wasu masu fassara suna cewa sarki ne ɗan Adam aka yi wa zambo da manyan kalmomi. Wasu, tun zamanin iyayen ikkilisiya na farko, suna cewa siffofin sun wuce na mutum, Shaiɗan ake nufi. Malamin makarantar tauhidi yana iya koyar da ra'ayin biyu ya tashi aji. Mai buga kati ba shi da wannan sararin, don akwai katin da yake aiki a kan mutane kawai, akwai mai aiki a kan aljannu kawai. Dole a zaɓa. Wasan ya lissafa shi cikin aljannu.

A nan littafi na biyu yake shigowa da ƙarfinsa. Katuna da yawa suna cewa abu kaza zai faru in annabi ne ya yi amfani da su, ko firist, ko sarki, ko mahukunci, ko mawaƙi. To wane ne annabi? Ishaya da Irmiya babu gardama. Ibrahim fa, wanda bai bar littafin annabci ba? Sai a buɗe Farawa 20:7, inda aka kira shi annabi. Maryamu 'yar'uwar Musa, Fitowa 15:20 ta ba ta sunan. Debora ta haɗa biyu, annabiya ce kuma tana hukunci, a Mahukunta 4:4. Dawuda sarki ne, mayaƙi ne, mawaƙi ne, sai kuma Bitrus ya kira shi annabi a Ayyukan Manzanni 2:30. Duk waɗannan da sauƙi, aya ta faɗi suna ƙarara. Wahala tana wurin waɗanda suka yi aikin ba a ba su sunan ba. Sarki Saul ya yi annabci a tsakiyar ƙungiyar annabawa a babi na 10 na littafin Sama'ila na fari, har mutanen garinsu suka yi ta mamaki abin ya zama karin magana. Kayafa, babban firist ɗin da ya jagoranci shari'ar Yesu, Yahaya 11:51 ta ce ya yi annabci ba da sanin kansa ba. Yin annabci sau ɗaya yana mai da mutum annabi? Wanda yake riƙe da katin zai ce ƙwarai kuwa. Wanda ke zaune a ɗaya gefen teburin zai ce ko jakar Bal'amu ma ta yi magana.

Haka batun mahukunta. Eli firist ne, amma an ce ya yi wa Isra'ila hukunci shekara 40. Abimelek ɗan Gidiyon labarinsa ya cika babi na 9 na littafin Mahukunta, amma sarauta ya ƙwata bayan ya kashe 'yan'uwansa. Kasancewa cikin littafin ya isa, ko sai an ga kalmar?

Don a kashe irin wannan wuta aka yi kundi biyu. Na farko shi ne littafin dokoki mai zurfi, wanda suke taƙaita sunansa da REG. Harafin tsakiya daga kalmar da malaman tauhidi suke amfani da ita ne wajen tafsirin nassi, wato sunan kundin Jagoran Tafsirin Redemption. Ban san wasan da ya taɓa yi wa kansa ba'a mai daɗi kamar wannan ba. Na biyu ƙamus ne da ya jera sunaye: ga annabawa, ga firistoci, ga Filistiyawa, ga Babiloniyawa, ga Farisiyawa. Masu kula da kundin biyu, waɗanda suke gwada sababbin katuna su kuma yanke hukunci, ana kiransu dattawa, kamar dai dattawan ikkilisiya.

In ka bi hukunce-hukuncen a hankali za ka ga an raba gado tsakanin littattafan. Aya ita ke faɗin ko wane ne mutum. Doka ita ke faɗin abin da zai iya yi a fage. Da zarar an gama tantance cewa wane annabi ne ko sarki, an rufe Littafi Mai Tsarki, sauran na lamba ne da rubutun kati. Shi ya sa Goliyat yake iya korar Dawuda a teburin, kuma ba a karɓar hujjar cewa ai a kwarin Ila ba haka aka yi ba. Shi ya sa Rut za ta iya fuskantar Hirudus, alhali shekara fiye da dubu ce tsakaninsu. A ganina wannan rabon shi ne ya raya wasan. Da an bar labari ya yi hukunci, da kowane zagaye an san ƙarshensa tun kafin a raba kati, kuma babu yaron da zai zauna wa'azin da aka yanka a kwali. Na san akwai mai karatun da jikinsa zai yi sanyi da jin an sa annabawa a kati, Musulmi ne ko Kirista. Ba na ce masa ya saki ransa ba. Ina dai nuna masa cewa su ma masu wasan sun ji wannan nauyin, sun kuma ja layi a wasu wurare.

Layi mafi kauri shi ne na Yesu. Ba a yi shi jarumi mai lamba ba, wanda zai shiga fage wani mugu ya fi shi juriya. An sa shi cikin wani rukuni dabam, katunan da zan kira gagarau: na kirki suna ɗauke da alamar ɗan rago, na mugunta alamar mai lauje. Su ba sa jiran hannu, ba ruwansu da launin runduna, suna sauka su yi aikinsu nan take. Katin Ɗan Allah yana ceto rai guda ba tare da yaƙi ba. In ka haɗa shi da Sabuwar Urushalima ka jefa su tare, rai biyu ke nan. Mala'ikan Ubangiji yana kawar da mugu ɗaya. A ɗaya ɓangaren, Shahidi yana kawar da jarumi, Binnewa tana ɗauke ɓataccen rai daga tebur, ta bar jarumin da ya fito ceto yana tsaye babu wanda zai ceta.

Sai dai kati ba ya sanin niyyar wanda ya buga shi. 'Yan wasa suka gano cewa tunda katin Ɗan Allah ya ce kowane rai, to har da wanda ke gabanka. Abokin karawarka ya turo jarumi, saura rai ɗaya a Ƙasar Bautarka, ba ka da mugun da zai tare, sai ka jefa Ɗan Allah ka ceci ran da kanka. Ka samu maki, ka kuma bar shi hannu rabbana. Bisa harafi babu laifi. Bisa ma'ana, an mai da katin Mai Ceto makamin hana wani yin ceto. An daɗe ana haka kafin a sauya doka, a ce rai sai daga gaban abokin karawa ake ceto shi. Waɗanda suka so sauyin sun kawo hujjar tsawon wasa da daidaito, kuma hujjar ta isa. Amma ina zargin akwai kunya a ciki.

Gagarau sun kawo wata rigimar da ba ta tauhidi ba ko kaɗan. Tunda ba sa jiran hannu, idan mutum biyu suka so jefawa a lokaci ɗaya, wa ya riga? Shekaru da dama amsar ita ce wanda katinsa ya fara taɓa tebur. Sai ka ga manyan mutane, wasu da furfura, suna rige-rigen marin tebur da katin Shahidi da na Mala'ikan Ubangiji, alƙali yana tambayar 'yan kallo wa suka ga ya riga. Daga baya aka ba mai zagaye damar farko, hannaye suka huta. An kuma ƙayyade cewa gagarau a dami kada su wuce yawan ɓatattun rayukan da ke cikinsa.

Akwai layin da aka ja wa aljannu. A wasan ana iya kama jarumi a kai shi Ƙasar Bauta, ya zama kamar ɓataccen rai da sai an ceto shi. Ana iya kama mugu ɗan Adam ma, kuma ana iya juyar da shi ya koma jarumi. Kati mafi shahara a wannan fanni ya zo cikin jerin Manzanni na 2001: yana fara wasa a matsayin Shawulu mai tsananta wa ikkilisiya, in ya tuba ya zama Bulus. Aljani kuwa ba a fansarsa. Babu dalilin lissafi da ya tilasta haka. Koyarwar Kirista ce cewa fansa ta 'yan Adam ce, sai doka ta sunkuya mata. Amma kada a ɗauka kullum nassi ake bi sau da ƙafa: jerin Yaƙin Mala'iku na 2004 ya shigo da mala'iku masu sunayen da aka aro daga wani fim ɗin zane, waɗanda ba za ka same su a Farawa ko Wahayi ba.

Sokewa ma ta haifi 'ya'ya. A ce ka jefa tallafin da ya kira jarumi na biyu cikin fage, shi na biyun ya sa ka ɗebi kati, cikin abin da ka ɗebo ka jefa wani ya kama mugu. Sai abokin karawarka ya soke tallafin farko. Ina za a tsaya? Jarumi na biyu ya koma, wannan kowa ya yarda. Katunan da ka ɗeba fa, ka mayar? Wanda aka kama ya dawo? Tsohuwar fahimta ta ce a warware duka, kamar mai tsefe saƙa daga bakin zare. A takarda abin yana da kyau. A tebur kuwa ka riga ka ga katunan, kuma ba a soke gani. Dattawa sun yi ta rage tsawon wannan warwara don wasa ya daina komawa baya kamar shari'ar gona.

Katin da na bari a ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni mamaki da aka buga shi tun farko. Sunansa Bauɗewa. Gagarau ne na mugunta, kuma aikinsa ya ɗauko rai daga Ƙasar Fansa, inda ake ajiye waɗanda aka riga aka ceta, ya mai da shi Ƙasar Bauta. Wanda ya san tarihin Furotesta ya san an taɓo gyambo. Mabiyan Kalbin suna koyar da cewa wanda aka ceta da gaske ba ya ɓacewa. Mabiyan Arminiyus, da Metodis bayansu, suna cewa mutum yana iya juya baya ya rasa abin da ya samu. A kan wannan da makamantansa aka yi taron Dort a ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, kuma har gobe ana jan babi na 6 na Ibraniyawa ta kowane gefe. Wasan da yaran Baftis da na Metodis da na Fentikos suke zama tebur ɗaya su yi, ya zo ya buga katin da ya ɗauki gefe.

Sai aka buga wani, Mai Tsaron Rayukanku, gagarau na kirki. In ya sauka a Ƙasar Fansarka, Bauɗewa ba ta taɓa abin da ke ciki. Dukansu halal ne a dami ɗaya, kuma gwanaye sukan zuba su tare, ɗaya don kansu, ɗaya don abokin karawa. Abin da malaman Dort suka shafe wata shida suna yi, a nan ya danganta da wanda aka fara ɗebowa daga saman dami.